A BAR SU SU TAKA ƘASA: MANTUWA BAYAN MAGANIN SANKARAR MAMA



Zan yi magana a kan wani al'amari wanda yake cikin gidajenmu, amma kunya da rashin sani sun hana mu ambatonsa. Al'amarin kuwa shi ne halin da mace takan shiga bayan ta gama karɓar maganin sankarar mama, wato ciwon daji na nono.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an same shi a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a duniya, kuma a nan Nijeriya shi ne kan gaba a cikin ire-iren sankarar da ke kama mata. Wanda yake zaune Idi-Araba ya sha ganin masu jinya suna shiga babban asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko, haka kuma mutanen Sabo a Badun sun san hanyar asibitin koyarwa na can. A irin waɗannan asibitoci ne ake ba mace maganin da likitoci ke kira kemo, wanda galibi akan ɗura shi ta jijiya kamar ƙarin ruwa, sau da yawa bayan kowane mako 3, har tsawon watanni. Kowa ya san yana zubar da gashi, yana sa tashin zuciya da kasala. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yakan taɓa tunani.

Sai ka ga mace wadda a da take riƙe da lissafin adashin unguwa a ka, yanzu ta ɗora tukunya ta manta, ko ta buɗe baki za ta kira sunan ɗanta sunan ya ɓace mata, ko ta tsaya cikin salla ta rasa raka'a nawa ta yi. Daga nan sai zance ya tashi. Wani ya ce sammu ne, wata ta ce iska ce, maigida kuma ya ce ganganci ne da son jiki. Ita kuwa baiwar Allah sai ta yi shiru, tana tsoron kada a ce ta taɓu.

Jama'a, ba sammu ba ne, ba kuma hauka ba ne. Likitoci sun san wannan hali, sun kuma auna shi. A shekarar 2017 masana na Jami'ar Rochester ta Amurka sun bayyana sakamakon wani bincike da suka yi a kan mata 581 masu wannan ciwo, suka gwada su da mata 364 sa'o'insu masu lafiya. Kashi 45 cikin 100 na masu ciwon sun ce tunaninsu ya ja baya daga farkon magani zuwa ƙarshensa, alhali a cikin masu lafiya kashi 10 ne kawai suka faɗi haka. Bayan wata 6 da gama magani, fiye da kashi ɗaya cikin uku suna nan da wannan kuka. Dalilan kuwa suna da yawa: ƙarfin maganin kansa, da kumburin da yake tayarwa a cikin jiki, da ƙarancin jini, da rashin barci, da fargaba, da kuma ɗaukewar al'ada kafin lokacinta.

To, mene ne abin yi? Mu a al'adarmu, idan muna son mara lafiya sai mu ce ya kwanta. Ta tashi za ta leƙa ƙofa, a ce koma ki huta. Wannan tausayi ne, amma idan ya wuce kima yakan zama cuta, domin jikin da ya daɗe a kwance ƙarfinsa raguwa yake yi, kasala kuma ƙaruwa take yi. Abin ya fi tsanani a nan Kudu, inda iyali sukan cunkushe a ɗaki ɗaya ko biyu na gidan haya, babu tsakar gida mai faɗi irin ta gida, babu kuma dangi kusa da za a je gaisarwa a ƙafa.

A shekarar 2021 aka sake duba waɗancan mata na Amurka ta fuskar motsa jiki. Kafin su fara magani, kashi ɗaya cikin uku ne suke motsa jiki gwargwadon yadda ake so. Da aka gama magani adadin ya sauka zuwa kashi 21 cikin 100. Aka kuma ga cewa waɗanda suka fi motsa jiki su ne suka fi riƙe tunaninsu. Haka kuma a shekarar 2024, a ƙasar Kanada, an raba mata 57 gida biyu: wasu suka fara motsa jiki tare da fara magani, wasu sai bayan sun gama. Waɗanda suka fara da wuri sun ce kansu ya fi washewa, rayuwarsu kuma ta fi daɗi, ko da yake a jarrabawar tunani da aka yi musu ba a ga bambanci a fili ba. Saboda haka ba zan ce muku tafiya tana mayar da tunani gaba ɗaya ba. Amma taron masana na duniya da ya fitar da ƙa'idojinsa a 2019 ya tabbatar cewa motsa jiki yana rage kasala da fargaba da baƙin ciki ga masu sankara, waɗannan kuwa su ne manyan abokan tafiyar mantuwa. Ban da haka, motsi yana ƙara gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma gyara barci.

Motsa jikin da ake nufi ba gudu ba ne, ba kuma sai an sayi wani kaya ba. Tafiya ce a ƙasa da ɗan sauri, yadda numfashi zai ɗan ɗaga, amma mace tana iya magana da abokiyar tafiyarta. Ma'aunin da masanan suka bayar shi ne minti 30, sau 3 a mako, har tsawon mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfani sosai. Wadda ta sami ƙarfi sai ta nufi minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi. Wadda ba ta iya ba ta fara da minti 5 ko 10, da sanyin safiya ko bayan la'asar, da mayafinta, tare da 'yarta ko maƙwabciya. Sannu ba ta hana zuwa. Sau biyu a mako kuma ta ƙara da abin da zai ƙarfafa gaɓoɓi, kamar tashi da zama a kan kujera sau 10, ko ɗaga ƙaramar gorar ruwa a hankali. Hannun da ke gefen da aka yi wa aiki a bi shi da lallami, kada a fara masa da daka ko ɗaukar bokiti cike.

Sai dai akwai sharaɗi. Kafin a fara, a shaida wa likitan da ke duba ta, musamman idan ciwon ya kai ga ƙashi, ko jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ko tafin ƙafarta ya mutu ba ta jin ƙasa sosai. Idan jiri ya kama ta, ko ƙirji ya yi ciwo, ko numfashi ya sarƙe, ta tsaya. Idan kuwa zazzaɓi ya rufe ta a lokacin da take karɓar magani, wannan ba na jira ba ne, a kai ta asibiti nan take.

Yanzu zan juyo gare mu, mu maza. Na san wahalar neman abinci a Mile 12 da Agege da bakin tashar Apapa, na san kuma mai gida ya riga ya kashe abin da ya tara wajen magani. Amma wannan magani na ƙarshe ba ya cin ko kwabo, izini kawai yake bukata da haƙuri. Ka ba ta izinin fita, idan da hali ka raka ta. Idan ta manta gishiri kada ka yi mata gori, ka saya mata ɗan littafi ta riƙa rubuta abin da za ta yi. Ku kuma iyaye mata, maimakon ku taru a kanta a ɗaki kuna jajantawa, ku ɗauke ta ku zaga unguwa. Malamanmu na Islamiyya su ma su taimaka su faɗa wa jama'a cewa wannan mantuwa lalura ce, kuma ga mafi yawan mata takan ragu da tafiyar lokaci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya mayar da mu gida lafiya.