Hanyar shiga lise: aikin ɗalibi, aikin iyaye

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na Magariya da Dungas, maza da mata, tun daga Bande da Waca da Yekuwa har Dogo-Dogo da Mallawa. Barkanku da karatu.

Yau zancenmu a kan ƴaƴanmu ne. Yaya yaron ƙauye zai samu shiga babbar lakwal mai karatu mai zurfi?

Mu fara sanin hanyar. Karamar lakwal aji 6 ce. Kwaleji aji 4. A ƙarshen kwaleji yaro zai yi jarrabawar BEPC, wadda muke ce wa birbe. In ya ci, sai lise, aji 3. Ku lissafa da ni: 6 da 4 da 3, shekara 13 ke nan, in bai maimaita aji ba.

A lise karatu ya rabu. Sashen A na harsuna ne da tarihi. Sashen D na ilimin halittu ne, hanyar likita da malamin gona. Sashen C na lissafi ne mai tsanani. Malamai suna duba makin yaro kafin su ce ga inda ya dace. A Damagaram akwai lise Amadu Kuran Daga. A Maradi akwai lisen fasaha ta Ɗan Kasawa. A Yamai akwai Lise Ekselans, wadda sai an ci gasa ake shigarta. Can ba a tambayar ɗan wane ne. Maki ake dubawa.

To, mene ne aikin iyaye?

Na farko, takardar haihuwa. Ba a rubuta sunan yaro a jarrabawa sai da ita. In babu, ku je ma'aikatar magajin gari tun yanzu, a nuna muku hanyar zuwa wajen alƙali. Kada ku bari sai ranar tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, takardar maki. Da Faransanci aka rubuta ta, amma lambobin su ne waɗanda muka koya a aji. Ana ba da maki bisa 20. Wanda ya samu 10 ya tsallake da ƙyar. Wanda ke son gasa sai ya wuce haka nesa, musamman a lissafi.

Bari in ba ku labari. A ajina akwai wani dattijo manomin gyaɗa. Shekara uku yana dangwala yatsa a takardar ɗiyarsa, bai san abin da ke ciki ba. Da ya iya lambobi, sai ya ga lissafinta ya sauko daga 14 zuwa 8. Ya tambaye ta dalili. Ashe a gidan da aka sauke ta a gari, ita ke ɗebo ruwa da daka har dare. Ya tafi da kansa, ya sake mata masauki. Yarinyar ta ci birbe, yau tana sashen D. Da bai iya karatu ba, da sai a ce ƙwaƙwalwa ce ba ta da ita.

Na uku, lokaci. Lakwal tana buɗewa daidai kaka, ga gero ga wake a gona. Na san hannu ɗaya ma yana da amfani. Amma yaron da ya makara wata guda, da wuya ya kamo ƴan ajinsu. Wanda ya tsallaka Najeriya ci-rani kuwa, shekarar ta tafi.

Na huɗu, ɗiya mace. A shekarar 2017 gwamnati ta kafa doka ta kare karatun yarinya har ta kai shekara 16. Mu da muke son mace ta duba matanmu a asibiti, sai mu bar ƴaƴanmu mata su kai can.

Aikinku na wannan mako: kowa ya karɓi takardar makin ɗansa, ya karanta lambobin da bakinsa, ya rubuta su a littafinsa. Wanda ya kakare, ya kawo wa malaminsa a aji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.