Renon Darbejiya: Aikin Da Ke Farawa Bayan An Watse Daga Bikin Dashe



Kowace damina mukan ga an taru an yi bikin dashen itatuwa. Babban baƙo ya riƙe shebur, a ɗauki hoto, a yi tafi, a watse. In muka koma wurin a watan Maris, sai mu tarar da ramuka da busassun tsinkaye. Abin da ya tsai da mu gabanku yau ke nan: mu tuna wa junanmu cewa dashe aikin yini ɗaya ne, reno kuwa aikin shekara biyu ne. Za mu ba da misali da itacen da kowa ya sani, watau darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, wasu bedi.

Darbejiya baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya da maƙwabtanta, kuma an fara dasa ta a lardin Barno a 1928. Ba ta rabuwa da kore ko a tsakiyar rani, tana jure fari, ba ta zaɓen ƙasa. Da bazara takan fid da ƙananan furanni farare masu ƙanshi, ƙudan zuma su yi ta kai-kawo. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kowane ganye ta bar nata. Shi ya sa manoma ke sa busasshen ganyenta a rumbu don korar ƙwari.

Amma darasin da ya fi shafarmu yana kwarin Majiya, a yankin Tawa ta Nijar. Bayan farin 1973 iska ta addabi gonakin wurin, tana kwashe ƙasa tana binne shuka. Daga 1975 aka shiga dasa darbejiya layi-layi don tare iskar, daga baya amfanin gero a tsakanin layukan ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Me ya sa nasu ya rayu? Domin an sa masu gadi sun tsare dashen daga dabbobi a shekarun farko.

To, yaya ake renon? Da fari, iri. Ƙwayar darbejiya ba ta da dogon rai. In ta yi 'yan makonni a ajiye, sai ta ƙi tsira. Saboda haka a tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, a murje tsokar, a wanke, a shanya a inuwa, a shuka cikin mako biyu. A zuba ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki a leda mai huji, a tura ƙwayar kamar zurfin gaɓar yatsa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma.

Na biyu, lokacin dashe. In tsiron ya kai kamu ɗaya, a dasa shi sa'ad da damina ta zauna, kamar watan Yuli, don saiwarsa ta nutse kafin ruwa ya ɗauke. Da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya jira Satumba ya makara. A haƙa rami kamu ɗaya zurfi da faɗi, a yanke ledar a cire ba tare da an fasa ƙasar da ke jikin saiwa ba. A nisanta shi da katanga da rijiya, gama saiwar tana yaɗo. A guji wurin da ruwa ke kwanciya, domin darbejiya ta fi jure ƙishirwa bisa ga jiƙo.

Na uku, kuma mafi nauyi, rani. Ɗacin ganye ba ya hana akuya mai yunwa. A kewaye dashen da ƙaya ko tubali tun ranar farko. A ba shi bokitin ruwa sau biyu a mako, ko da ruwan alwala ne aka tara. A share ciyawar gindinsa saboda gobara, a duba gara, a sare rassan ƙasa don ya miƙe. In ya tsallake rani biyu, ya kama kansa. Cikin shekara uku zuwa biyar zai fara 'ya'ya.

Kada kuma son darbejiya ya sa mu manta da gawo da tsamiya da ɗorawa. Baƙo ya zo taimako ne, bai zo korar masu gida ba.

'Yan'uwa, gobe mu ne a ofisoshi, mu ne za mu rubuta takardun kuɗin dashe. Idan ranar ta zo, mu tuna mu sa kuɗin shinge da na ban-ruwa, mu kuma ƙidaya abin da ya rayu bayan shekara biyu maimakon abin da aka binne ran biki. Kafin nan, muna roƙon kowane ɗalibi ya ɗauki dashe ɗaya a harabar nan ya zama amanarsa, kuma in zai tafi hutu ya damƙa shi hannun wani. Inuwar da muke karatu a ƙarƙashinta yau, wani ne ya yi mata dakon ruwa bai zauna a cikinta ba.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.