Fitilar da Ke Jin Magana: Jawabi a Taron Malaman Firamare na Ikara, Maƙarfi da Kudan

 

Shekaru ke nan muna koyar da darasin kwamfuta da alli. Mu zana na'ura a allo, yara su haddace sunayen sassanta, su gama aji shida ba su taɓa ba ta umarni ko ɗaya ba. Abin da ya sa na zo da wannan ɗan allo da kuke gani a tafin hannuna ke nan.

Sunansa Arduino. An fara ƙera shi a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005, domin ɗalibai waɗanda ba injiniyoyi ba. A tsakiyarsa akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai aiki da wutar bolt 5. Za ka jona masa ƙwan fitilar LED, irin na tocilan da ake sayarwa a kasuwar Maƙarfi: doguwar ƙafar a rami na 13, gajerar a ramin da aka rubuta wa GND, a tsakani kuma ka sa ɗan abin rage ƙarfin wuta mai om 220 don kada ƙwan ya lalace. Sai ka rubuta umarni: kunna, dakata daƙiƙa ɗaya, kashe, dakata, maimaita. Da ka ɗora masa umarnin sau ɗaya daga kwamfuta, ya riƙe ke nan ko an ɗauke wuta. Batir ya ishe shi.

Ran da na fara gwadawa a aji, fitila ta ƙi kamawa. Wata yarinya 'yar aji biyar ce ta ce, "Malam, ko ka juya ƙafafun ne?" Haka kuwa aka yi. Ranar ajin ya kaure da sowa.

To idan fitilu uku kake so, kowace da nata lokacin? Nan ne masana suka kawo dabarar da ɗan Kudan ko Hunƙuyi zai riga kowa ganewa. Mai mazarƙwaila ba ya ƙera sabon mazubi don kowane dunƙule. Mazubi ɗaya ne, dunƙule dubu. Haka za ka rubuta mazubi guda, ka kira shi Fitila. Ka ce kowace Fitila tana da raminta da tsawon lokacinta, ta kuma iya kunna kanta da kashe kanta. Daga wannan mazubi sai ka fitar da ja, da ɗorawa, da kore, kowace na duba agogo tana bin nata tsari. Ga danjar kan titi ta samu a kan bencin makaranta.

'Yan'uwa, ba mu manta jarrabawar 2017 ba, wadda ta raba malamai sama da 21,000 da aikinsu a Jihar Kaduna. Ko me mutum zai ce game da ita, ta nuna mana cewa malamin da ya daina koyo, gobensa na hannun wasu.

Don haka ina roƙon reshe ya duba yiwuwar sayen allo ɗaya ga kowace gunduma, ya riƙa zagayawa makarantu. Ni kuma na ɗauki alkawarin zama da duk mai so ranar Asabar, ba ko sisi. Allah Ya sa mu bar wa yaranmu abin da ya fi hadda.