Ƙananan halittun cikin hanji da sankarar dubura

Ga jawabin da wani ma'aikacin lahiya ya yi ma ɗalibban yaƙi da jahilci. Mun buga shi don a karanta cikin kowace makaranta, a kuma karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna.

 

Maganar yau ta wurin da ba a son faɗi ce cikin taro: hanji da dubura. Ku gafarce ni, aikinmu ne ya kawo haka.

Cikin kowane mutum akwai wasu ƙananan halittu masu rai. Ba tsutsar ciki nike nuhi ba, wadda ake gani cikin kashin yaro. Waɗannan ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. In an jera dubu ɗaya, da ƙyar su kai tsawon ƙwarar hatsi guda. Likitoci na ce masu bakteri. Mu mun saba ce masu ƙwayoyin cuta, amma sunan bai dace da su duka ba, don galibinsu amfani suke yi mamu.

Masana sun ƙiyasta babban mutum guda na ɗauke da wajen miliyar dubu 38. Mutanen duniya duka miliyar 8 ne da ɗan wani abu. Ku duba wannan yawa! Amma nauyinsu wajen garam 200 ne kurum. Mazauninsu babban hanji ne, mai tsawon mitir ɗaya da rabi. Ƙarshen wannan hanji, inda kashi ke taruwa kahin ya hita, bai cika taƙi guda ba. Shi nike nuhi in na ce dubura.

To, mi suke ci? Abin da munka ci, shi suke ci. Amma abin da sunka hi so shi ne wanda cikinmu ba ya iya narkarwa: dussar hatsi da ta dawa, ɓawon wake, zaren ganye. Waɗannan suna wucewa har babban hanji. Can halittun ke tsimar da su, kamar yadda ƙullun koko ke yin tsami in ya kwana. Daga nan wani abu ke hitowa, ana ce mashi butirat. Shi ne abincin fatar cikin hanji. In ta samu shi sai ta yi ƙwari, kumburi ya ragu. Kashi kuma ya yi taushi, ya hita da wuri, dauɗa ba ta daɗewa ciki.

Ku manoma ne, kun san ƙuduji. Ina ya hi kama gona? Inda ƙasa ta gaji, ba taki. Hanji ma haka yake. In masu amfani sun rasa abinci sai su ragu, miyagu su samu wuri.

Yanzu ga maganar sankara, wadda ake ce ma ciwon daji. A hanji tana farawa da ɗan tsiro, kamar ƙwarar wake, ba zahi ba ciwo. Yakan yi shekara 10 ko hiye kahin ya rikiɗe. In ya rikiɗe sai ya girma, ya riƙa zubar da jini, ya toshe hanya, ya yaɗu zuwa hanta. A shekara ta 2022 mutum wajen miliyon 1 da dubu 900 sunka kamu da sankarar babban hanji da dubura cikin duniya, wajen dubu 900 sunka mutu.

Wani likita mai suna Denis Burkitt ya daɗe yana aikin hiɗa a ƙasar Uganda. Ya lura ciwon ga yana da yawa wurin Turawa, amma da wuya ya gan shi ga mutanen ƙauye na Afirika. A 1971 ya rubuta cewa bambancin daga abinci ne: Turawa sun cire dussa daga abincinsu, ƴan ƙauye ba su cire ba.

A 2010 wasu masana sunka duba kashin yaran wani ƙauye na Burkina, maƙwabtanmu, masu cin hatsi da dawa da wake kamarmu. Sunka gwada shi da na yaran wani birni na Italiya. Yaran Burkina sun hi halittu iri iri, sun hi masu narkar da dussa, sun hi butirat.

Amma gwajin da nike so ku riƙe shi ne wanda anka bayyana a 2015. An ɗauki baƙar fata 20 na Amurka, da mutanen ƙauye 20 na Afirika ta Kudu. Anka yi masu musayar abinci sati 2. Ƴan Amurka sunka koma ga tuwon masara da wake da ganye. Ƴan ƙauye anka ba su nama da mai da soye-soye. Kahin a fara da bayan an gama, likitoci sunka leƙa hanjin kowa. Wurin ƴan Amurka butirat ya ninka sau biyu da rabi, kumburin hanji ya ragu. Wurin ƴan ƙauye kuwa, alamomin da kan zo gaban sankara sunka ƙaru. Sati 2 kurum, jama'a! Ashe ba jinin Bature ba ne, ba na baƙar fata ba. Tukunya ce.

Miyagun kuma mi suke yi? Akwai wani iri mai hidda dahi da ake kira kolibaktin. Dahin yana ɓata ƙwayoyin naman hanji, ya bar tabo. A 2025 an duba sankarar mutum 981 daga ƙasashe 11. Wannan tabo ya hi yawa sau 3 ga waɗanda ciwon ya kama kahin shekara 40, bisa ga tsohin da sunka wuce 70. Akwai wani iri kuma, asalin mazauninshi baki ne, wurin dasashi. Tun 2011 ake iske shi da yawa cikin naman sankarar hanji. Ga wani dalili na riƙe asawaki.

Kar ku ce halittun su kaɗai ke kawo ciwon. Tsufa na ciki, da gado, da taba, da giya, da ƙiba, da yawan zama wuri guda. Kuma ba a ɗaukar sankara wurin mai ita. Ku ci ƙwarya guda da shi, ku yi jinyarshi, ba komi.

Maganar nama. A 2015 ƙungiyar lahiya ta duniya ta ce naman da anka adana da gishiri ko hayaƙi ko cikin gwangwani yana kawo wannan ciwo ga mai cinshi kullum. Ban ce ku bar nama ba. A ƙauye sau nawa ake ganinshi? Yara da masu ciki suna bukatarshi. Tsorona ga ƴan'uwanmu ne da sunka koma Yamai ko Maraɗi ko bakin teku, sunka ga tuwo ƙauyanci ne. Sahe burodi, rana farar shinkafa, dare makaroni da tsire, a kora da lemun kwalba. Masu gadin hanji ba su samu komi ba.

Na san akwai shekarun da ba zaɓen abinci ake ba. Amma in rumbu da hatsi, uwaye mata, ku wanke shi sosai, ku surhe shi sama-sama. Kar ku kai duk dussar ga tumaki. Kar a saida waken gida duka ranar kasuwa. Zogala, tafasa, rama, yaɗiya, kuka, kuɓewa, a sa su cikin dambu da miya. Aya da goriba da magariya ba abin yara kaɗai ba ne.

Sai kafso da ake saye ga masu yawo da magani bisa kai. Wannan irin magani ba ya tambaya wane ne mugu. Da mugu da mai amfani duk yake kashewa, kamar wutar daji. Kar a sha shi sai likita ya rubuta.

Na zo ga abin da ya hi damunmu mu ma'aikatan lahiya. Mutum ya ga jini cikin kashinshi, sai ya ce basir ne, ko ɗankanoma. Ya sha jiƙo wata shida, ya canza mai magani, ya ƙara wata shida. Ranar da anka kawo shi cikin amalanke, ciwo ya yi nisa. Gaskiya ne, sau da yawa jinin na basir ne ko na atuni. Amma ba mai iya rabewa da ido, ko mu.

Ku tahi likita in kun ga ɗaya cikin waɗannan: jini ko majina cikin kashi da ke tahiya yana dawowa, zawo ko taurin ciki da ya wuce sati 3, jin kamar kashi bai ƙare ba bayan an tashi, kashi ya koma siriri, rama da kasala ba dalili. Wanda ya wuce shekara 50 ya hi zama cikin hatsari, haka wanda uwa ko uba ko ɗan'uwanshi ya yi ciwon. Amma ana ganinshi ga ƴan shekara 30 da 40.

Awon farko ba wuya. Ma'aikaci zai sa safar hannu, ya taɓa wurin da yatsa, minti guda an gama. Mace na iya roƙon mace ta duba ta. In an ji wani abu, sai a ba ka takarda zuwa babbar likita, inda ake leƙa hanji da wata igiya mai hitila. In ɗan tsiro ne, a cire shi, ba zai zama sankara ba. In sankara ce ba ta yaɗu ba, aikin hiɗa na warkar da mutane da yawa. A Yamai kuma akwai gidan yaƙi da sankara na ƙasa, inda anka buɗe wurin gasa ciwo da haske a 2021.

Wanda ke da tambayar da ba ya so ya yi cikin taro, ya same ni bayan an watse. Ina nan har la'asar.