Sake Famfon Mai A Motar A-Kori-Kura Mai Shan Gas: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi bayani a kan wani ƙarfe guda ɗaya da ke cikin motar a-kori-kura mai shan man dizal, wanda aka fi sani da gas. Wannan ƙarfe shi ne famfon mai.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan Hakimi da famfo, ai wannan maganar direba ce da bakanike. Gaskiya ne su za su kwance su ɗaura, amma Hakimi ne zai yarda a kashe kuɗin, malaminsa kuwa shi zai rubuta. Motar nan ita ce ke kai Hakimi rangadi, ita ke ɗauko mace mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibiti, ita ke kai taki da iri kafin ruwa ya sauka. Ran da ta tsaya, duk waɗannan sun tsaya. Famfon mai kuwa yana cikin kayan mota mafiya tsada, saboda haka bai kamata a sa hannu a takardar sayensa ba sai an san abin da ake saye.

Yadda Injin Gas Yake Cin Mai

Injin gas ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi irin na injin fetur. Fistin ne yake matse iska a cikin silinda, har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 zuwa 22 na girmanta na fari. Matsin nan yana sa iskar ta yi zafi fiye da digiri 500. A daidai wannan lokaci sai a feso mai ta bakin nozul, ya fito laushi kamar hazo, ya kama da wuta da kansa. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel shi ya ƙago wannan inji, ya kuwa yi aiki sosai a garin Augsburg cikin shekarar 1897. A shekarar 1927 kamfanin Bosch ya soma ƙera famfon feshin mai da yawa, daga nan ne injin ya yaɗu a motoci. Land Rover, wadda dattawa suka san ta a hanyoyin daji, ta fito da mai shan gas a shekarar 1957.

To, tun da sai an tura man cikin iskar da aka riga aka matse, dole famfo ya kasance da ƙarfi ƙwarai. Ana auna ƙarfin matsi da wani ma'auni da ake kira ba. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce ba 2 da 'yan kai. Amma nozul na tsofaffin injuna ba ya buɗewa sai matsi ya haura ba 100. Sababbin injuna kuwa, masu tara mai a bututu guda wanda kwamfuta ke sarrafawa, da suka fara shiga ƙananan motoci a shekarar 1997, matsinsu yakan kai ba 1,600 zuwa 2,000, har ma ya wuce.

Famfo Biyu Ne, Ba Ɗaya Ba

Abu na farko da ya kamata malamin Hakimi ya riƙe shi ne, aikin famfo iri biyu ne. Akwai ƙaramin famfo mai jawo mai daga tanki ya bi da shi ta filta, watau matatar mai. Ƙarfinsa a yawancin tsofaffin motoci bai kai ba 1 ba, kuɗinsa kuma da sauƙi. Sa'an nan akwai babban famfo, wanda makanikai ke kira injakta, shi ne mai matse man ya aika wa nozul gwargwadon bukata a kan lokaci. Kuɗinsa ya ninka na ƙaramin sau da yawa.

A wasu motoci ƙaramin yana zaune dabam, a jikin inji ko a cikin tanki. A wasu kuwa an haɗe shi a cikin babban. Misali, injin 1HZ mai silinda shida da lita 4.2, wanda Toyota ta fito da shi a shekarar 1990, wanda ke cikin Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ake yawan gani a hanyoyin Agadas da Damagaram, babban famfonsa shi ke tsotso mai da kansa. Abin da ke bisa filta ɗan famfon hannu ne kurum na fitar da iska. Motocin Hilux masu shan gas da aka ƙera daga wajen shekarar 2005 yawancinsu na sabon tsari ne mai kwamfuta. Saboda haka idan direba ya zo ya ce famfo ya mutu, tambaya ta farko ita ce, wanne daga ciki, kuma wane irin inji ne?

Babban famfo ba ya samun man shafawa dabam a yawancin waɗannan motoci. Gas ɗin da ke ratsa shi shi ke sanyaya shi, shi ke hana ƙarafansa cin juna. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan ba ta wuce 'yan maikiron ba, alhali kaurin gashin kan mutum ya kai wajen maikiron 70. Don haka abu uku ke kashe shi, ƙarancin mai, da ƙura, da ruwa.

Abin Da Aka Gani A Amurka

An ga tabbacin wannan magana a Amurka, inda manoma da masu jan kaya suke amfani da manyan a-kori-kura masu shan gas. Motocin Dodge Ram masu injin Cummins da aka ƙera daga 1998 zuwa 2002 suna da babban famfo mai suna VP44. Ƙaramin famfonsu yana jikin inji, nesa da tanki. Idan ya yi rauni mota takan ci gaba da tafiya, direba bai sani ba, babban yana ta aiki da ƙishirwa har ya ƙone. Sai masu motocin suka koyi dabara biyu: su ɗaura ƙaramin famfo mai ƙwari kusa da tanki, su kuma sa agogon awon matsi a gaban direba. Da ɗan kuɗi suka tsare abu mai tsada. Daga baya, a shekarar 2021, kamfanin da ke ƙera Ram ya kira motoci fiye da 200,000 na 2019 da 2020 domin a sake musu babban famfo, saboda irin wanda aka sa musu yakan cinye kansa, garin ƙarfe ya bi mai ya lalata abin da ke gaba. Darasin da ke ciki shi ne, gyaran da ya fi riba shi ne wanda zai kai wa babban famfo mai mai tsabta ba yankewa.

Kafin A Sayi Kome

A ɗauka motar gunduma ta fara wuyar tashi da safe, tana shaƙewa a kan tudu, tana mutuwa in an ɗora mata kaya. Waɗannan alamu duka filta da ta toshe tana kawo su, haka tiyo da ya tsage yana shan iska, haka datti a bakin bututun da ke cikin tanki. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. A sake filtar mai da ta iska. A tsiyaye ruwan da ya taru a gindin filta. A sa tiyo mai gani-har-hanji na ɗan lokaci a duba ko kumfa na bi. A sauke tanki a wanke. A auna ƙarfin ƙaramin famfo da agogo sa'ad da inji ke aiki. In motar mai kwamfuta ce a jona mata na'ura a karanta abin da ta rubuta. Sai an gama waɗannan kana a taɓa babban famfo, shi ma a kai shi wurin da ke da injin gwaji, a dawo da takardar sakamako.

Gyara Mai Amfani

In an tabbata mai ba ya isa, ko kuwa motar kullum a daji take inda ake sayen mai a jarka a bakin hanya, ga abin da ya dace a ƙara mata. Na farko, filta ta biyu mai raba mai da ruwa, mai kwalba a ƙasa wadda direba zai riƙa dubawa kowace safiya. A sa ta kafin filtar asali. Mai raga kamar maikiron 30 ta isa a nan, ta asali kuwa a bar ta yadda masu ƙera motar suka tsara, don sababbin injuna suna bukatar tacewa mai laushi ƙwarai.

Na biyu, ƙaramin famfo na lantarki. A ɗaura shi kusa da tanki, a ƙasa-ƙasa, domin irinsa ya fi iya turawa bisa ga tsotsa, amma a kāre shi daga duwatsu da taɓo. Lalle ya zama na gas, mai ƙarfi daidai da abin da littafin motar ya faɗa. Famfon motar fetur na zamani yana ba da wajen ba 3, wannan kuwa ya yi wa tsohon injakta yawa, zai iya fasa robobinsa ya rikita lokacin feshi. A sa masa fiyus, a kuma haɗa wayarsa yadda zai tsaya da zarar inji ya tsaya, don kada ya yi ta zubar da mai in an yi hatsari.

In kuwa babban famfo ne ya mutu da gaske, a sayi mai lamba daidai da ta tsohon. In ya zubar da garin ƙarfe, sai an wanke tanki da bututu duka an duba nozul, in ba haka ba sabon ma zai bi tsohon. Araha ba ta ado, kayan jabu sun yi yawa a kasuwa.

Gyara Mai Ɓarna

Akwai wani abu da wasu ke kira ƙarin ƙarfi, watau a karya hatimin da ke jikin injakta a murɗa sukurun mai, ko a sa wa kwamfutar mota dabara ta riƙa ba da mai fiye da kima. Mota takan ƙara zafin nama, direba ya ji daɗi. Amma man da ya fi iskar da ke silinda ba ya ƙonewa duka. Baƙin hayaƙin da ke fita a salansa kuɗin jama'a ne ke tashi sama, zafin da ke ƙaruwa kuwa yakan fasa kan inji ko ya narkar da fistin. Haka kuma kada a yarda a gauraya gas da kananzir don neman sauƙi, gama kananzir ba shi da santsin da famfo ke bukata.

A kuma ja kunnen direba da yaron mota: kada su sassauta bututun nozul na sabon inji yana aiki, kada su laluba wurin yoyo da hannu. Mai a irin wannan matsi yana huda fata ya shige cikin nama, wanda ya same shi sai a garzaya da shi asibiti nan take, ko da raunin bai fi bakin allura ba.

Aikin Malamin Hakimi

Ya kamata kowace mota ta sami littafinta. A ciki malam zai rubuta ranar da aka sha mai, da lita nawa, da inda aka saya, da kilomitar da agogo ya nuna. Zai rubuta ranar sake filta, da lambar kowane ƙarfe da aka saya, a kuma dawo da tsohon a ajiye a ofis tare da rasit. Daga wannan littafi za a gane motar da ta soma shan mai fiye da da, tun ɓarna ba ta yi nisa ba. Da hunturu a ƙara kula da filta saboda ƙura, da damina kuwa a riƙa cika tanki da maraice don kada raɓa ta taru a ciki.

Hakimin da ya tambayi wane famfo, ya nemi takardar gwaji, ya hana a karya hatimi, ya tsare dukiyar talakawansa, motarsa kuma za ta tashi ran da aka buga ƙofa da tsakar dare. Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara wa Sarki lafiya. Amin.