Takardar magani: wa aka rubuta wa?
(Jawabin da aka gabatar gaban taron ma'aikatan kiwon lafiya)



Talaka yakan fito daga gidan likita riƙe da takardar da aka rubuta da Faransanci, da irin rubutun lokotoro wanda shi kansa mai sayar da magani sai ya yi ta ƙura masa ido. An ba shi magani, amma ba a ba shi bayani ba.

A dubi rigakafin masassarar cizon sauro da ake yi wa yara da damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, Nijar ta soma a 2013, domin yara masu wata 3 zuwa wata 59. Maganin na kwana uku ne a kowane zagaye. Ranar farko ma'aikaci yake ba yaro da hannunsa. Ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barin su. Ashe kashi biyu cikin uku na kwanakin ya rataya ga abin da uwa ta fahimta a tsaye bakin zaure. In ta ga yaro garau ta ajiye sauran don wata rana, ko ta raba da ɗan kishiya, kariyar ta ragu. Laifin wa?

Ga kuma abin koyi. Zaren awon dantse na gano tamowa launi uku gare shi: kore, ɗorawa, ja. A Mirya an koya wa uwayen da ba su taɓa shiga lakwal ba, suka iya auna ƴaƴansu da kansu. Ja na nufin a tafi likita yau.

Haka ya kamata takardar magani ta kasance. A zana fitowar rana da faɗuwarta maimakon “sau biyu”. A rubuta Hausa da boko da ajami, tunda almajiran da ke karanta ajami ba su ƙirguwa a Maraɗi da Damagaram. Tsarin mulki na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To, a gani a kan kwalin magani.

Kafin marar lafiya ya tashi kuma, kada a ce masa “ka gane?”, domin kunya za ta sa ya amsa. A ce ya maimaita da bakinsa: ƙwaya nawa, yaushe, har kwana nawa.