Rifkatu Gratz: Darasi Ga Masu Ƙarancin Yawa



Sau da yawa mukan ce mu kaɗan ne, ba abin da za mu iya. Shi ya sa yau muka kawo maku labarin wata Bayahudiya, Rebecca Gratz, wato Rifkatu a bakinmu. An haife ta a 1781, ta yi zamanta a birnin Filadelfiya ta Amurka, inda Yahudawa 'yan kaɗan ne a tsakiyar Kirista.

Tana da shekara 20, a 1801, ta haɗa kai da matan Kirista suka kafa ƙungiyar taimakon mata da yara matalauta. A 1815 suka buɗe gidan marayu, ta riƙe aikin sakatariya wajen shekara 40. Ba ta tambayi maraya addinin ubansa ba.

Amma ta lura da wani abu. Waɗansu masu ba da taimako sukan miƙa wa matalautan Yahudawa abinci tare da kiran su bar addininsu. Ba ta tsaya ƙorafi ba. A 1819 ta tara matan Yahudawa suka kafa tasu ƙungiyar. A 1838 ta buɗe wa yaransu makarantar Lahadi, a 1855 kuma gidan renon marayu. Ba ta yi aure ba, amma ita ta reni 'ya'yan ƙanwarta da ta rasu. Ita kanta ta rasu a 1869.

'Yan'uwa, mun san abin da yakan faru idan maigida ya mutu ya bar gwauruwa da rumbu wayam. Akan rarraba yaran ga duk mai iya ciyar da su, wani yaron kuma ba ma sake ganinsa a sujada. Laifin wa? Namu ne, in muka naɗe hannu.

Don haka muna roƙon kowace Zumuntar Mata ta rubuta sunayen gwauraye da marayun ikkilisiyarta. Da kaka kowane gida ya kawo ko da kwano ɗaya na masara ko dawa, a sa amintacciyar mace ta riƙe littafin. Maƙwabcinmu Musulmi kuwa in yunwa ta taɓa shi, mu auna masa ba tare da sharaɗi ba. Abin da ba mu so a yi wa namu, kada mu yi wa na wani.

Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.